Fayil Mai Suna Wance

Gummi, Laraba, tara ga Zulƙida.

Zuwa ga Yayata, uwargidan Malam Hayatu, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara gaba ɗaya. Allah Ya kawo miki sauƙin ciwon gwiwar nan da ya hana ki sakat, Ya buɗa wa Malam kasuwarsa, Ya shirya mana zuri'a. Allah Ya jiƙan Inna, Ya yalwata mata kabarinta, Ya haɗa ta da Baba da Muntari a gidan rahama. Mu kuma da muka rage Ya ƙara mana haƙuri.

Mu nan lafiya lau muke, sai zafi. An yi ruwa sau ɗaya wajen Anka, mu ƙamshinsa kawai muka ji. Nusaiba tana nan tana fama da ɗanmu Lukman, wanda ya fara tafiya makon jiya, kuma tun da ya miƙe babu kwanon da ya sake kwana a inda aka ajiye shi. Hure ta zo daga Bukkuyum ta yi mana kwana huɗu, ta koma da rana tsaka cikin ayarin motoci, don kin san yadda hanyar take yanzu. Kawu Modibbo ma ya zo daga Gwashi, ya tafi da awakin Inna guda uku zai haɗa da nasa kafin a yi rabo. Ɗakinta yana nan a rufe. Butarta tana bakin ƙofa inda ta saba barinta, kowa ya zo wucewa sai ya kewaye ta, har yau ba wanda ya ce a ɗauke.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurin mutumin da kuke waya da shi duk Juma'a, kuma wanda aikinsa ke nan tura saƙo ta na'ura. Lauwali mai fataucin albasa ne zai taso zuwa wajenku jibi, shi na ba. Dalili shi ne Juma'a biyar ke nan kina tambayata ajiyar da na ce Inna ta bar miki, ni kuma ina ce miki layi ba kyau. Layin lafiyarsa lau, Yaya. Kin yi ta canka, kin ce ko 'yan kunnenta ne, ko zanen saƙin nan mai baƙi. Ba ko ɗaya. Murya ce na ɗauka a waya, muryar Inna, kuma a cikinta ta kira sunanki. Sunanki na yanka, da bakinta. Wannan ita ce ajiyar, kuma ta salwanta a hannuna. Bakina ya kasa faɗa miki, shi ya sa na ɗauki biro. Ki daure ki karanta har ƙarshe, don ina so ki san yadda aka yi daki-daki, kada wani ya ba ki labarin a gutsure.

Ba sai na tuna miki kunyar ɗan fari irin ta Inna ba, ke kika sha ta. Matan Gummi ma suna yi, amma ta Inna ta mutanen Gwashi ce, ba ta da rangwame. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ce komai a kanki ba sai Wance. A kai wa Wance tuwonta. Wance ta yi waya? Ranar da muka kai ki asibiti kina fama da zazzaɓi, malamin rajista ya tambaye ta sunan marar lafiya, ta juya ta dubi bango har sai da Hure ta faɗa. 'Yar maƙwabtanmu da aka sa wa irin sunanki ma ba ta tsira ba, Takwara Inna ke ce mata har aka yi mata aure. Mu abin dariya muka ɗauke shi, muna tsokanarki da shi, ke ma kina dariya. Amma na tuna ranar da za ki koma Kumasi shekara uku da suka wuce, kina ɗaure kaya, kika ce mini a hankali da ma a ce sau ɗaya tak ta yi kuskure. Kin faɗa kamar wasa, kika ci gaba da ɗaurin kayanki. Ban manta ba.

A cikin Sha'aban, da jikinta ya fara yin nauyi, na ɗauki al'adar zama wurinta bayan la'asar ina kunna wayata tana ba ni labarin dangi, don yaranmu su san daga ina suka fito. Wata Talata ta lissafo mini kakanninta har biyar, ta lissafo shanun babanta da sunayensu, babu wadda ta manta. Na ce to ta lissafo 'ya'yanta. Na yi ne da gangan, ina so in ga ko za ta zame. Ta harare ni ta ce, "Ta hwarko dai Wance, kun san ta." Ta wuce kan Muntari, ta yi masa addu'a, ta zo kan Hure, ta zo kaina ta ce auta mai yawan tambaya. Daga nan gyangyaɗi ya ɗauke ta. Na bar wayar a kan tabarma na manta tana ɗauka, na zauna ina duba wani abu. Nusaiba ta shigo da kunu ta durƙusa a wajen ƙafafunta. Inna ta buɗe ido rabi, ta ga mace a durƙushe, haske yana bayanta, sai ta ɗauka ke ce. Nan ta kira sunan. Ni da Nusaiba muka dubi juna, babu wanda ya motsa.

Da na fito na saurara sau ɗaya a zaure, ya fito tar, har da kukan akuya a bayansa. Niyyata in tura miki a take. Nusaiba ta hana ni. Ta ce in na tura, ke ba za ki iya riƙewa ba, za ki kira kina kuka, Inna za ta gane abin da ya faru, kuma kunyar da za ta ji ta fi ciwon da ke jikinta. Ta ce a bari tukuna. Gaskiya ta faɗa, har gobe ban ga laifinta ba, kada ke ma ki gani. Wayata kuwa ta cika maƙil, ko hoto ba ta karɓa. Washegari na je shago na ɗauke fayil ɗin daga wayar na mayar da shi cikin kwamfuta, wurin da a tunanina ya fi ko'ina tsaro a garin nan. Ban sa shi cikin foldar gidanmu ba, don Badaru abokin aikina yana buɗe ta in zai tura wa Hure hotuna, ni kuma ba na so kowa ya ji kafin ke. Na sa shi cikin foldar aikina, wadda ba mai shiga sai ni. Da kwamfutar ta nemi suna, na yi murmushi na rubuta wance. A lokacin gani nake na yi hikima.

Yanzu sai na yi miki bayanin aikina, wanda kullum kike cewa ke dai kin san ina zama gaban gilashi ina yamutsa fuska. Shagonmu ya wuce cajin waya da tura karatu. Mutane suna kawo mana wayoyinsu da memorinsu mu adana musu abin da ke ciki, hotuna, takardun gona, muryoyin 'yan uwa, saboda waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana ƙwace ta a hanya. Na rubuta wata 'yar manhaja da ke karɓar kayan kowa ta jera su da sunansa da garinsu, na sa mata suna Rumbu. Bara wata mata daga Yargalma, Hamida, ta kawo wani tsohon memori a ƙulle cikin gefen zane. Hotuna biyu ne kawai a ciki, na 'ya'yanta biyu da suka rasu shekarar gubar dalma. Muka adana. Bayan wata biyu wani ya kawo memori mai bairos, ya bi foldoji ya lalata abin da ya samu, har da nata. Allah Ya taimake mu tsohon memorin yana nan wurinta, muka sake kwafa, ba ta ma san an yi ba. Amma ni ranar na kasa cin abinci. Na ce dole Rumbu ya iya komawa baya.

Abin da na zauna na ƙara masa ke nan, na kira shi Maido. Yadda yake aiki ba wuya. Kowace safiya da kowace yamma yana ɗaukar abin da muke kira hoto, wato yana riƙe yadda ma'ajiyar gaba ɗaya take a daidai wannan lokacin. Ba kwafe komai yake yi ba, da wuri ya cika cikin kwana biyu. Abin da yake yi shi ne, daga lokacin da aka ɗauki hoton, kwamfutar ba ta ƙara rubutu a kan tsohon abu. In an canja wani fayil sai ta rubuta sabon a gefe, in an goge sai ta ɓoye shi daga ido kawai, tsohon yana nan kwance. Ranar da ɓarna ta faru sai ka zaɓi hoton jiya ko na shekaranjiya ka ce a maido, komai ya koma yadda yake. Na yi taka-tsantsan iyakar iyawata. Na sa kafin ya koma baya sai ya fara ɗaukar hoton yau, don in mutum ya yi nadama ya iya dawowa. Na sa yana nuna jerin abin da zai canja. Na sa yana tambaya sau biyu ko ka tabbata. Badaru ya yi ta yi mini dariya, ya ce duk Gummi babu mai karanta tambayar kwamfuta, in ta tambaya sau goma ma danna Eh za a yi sau goma, shi ma a ciki.

Irin wannan aiki ba a yarda da shi sai an gwada shi ɗaruruwan lokuta. Sai ka ƙirƙiri fayilolin banza, ka lalata su, ka goge su, ka ga ko za su dawo. Masu irin aikina a wasu ƙasashe suna da kalmomin da suke sa wa irin waɗannan fayiloli na gwaji. Ni tun ina makaranta da namu nake yi, wane da wance. Wane ɗaya, wane biyu, wance, wance biyu, haka har su kai ɗari. Kuma don kada su taru su cika mini wuri, tun shekarar da na fara Rumbu na rubuta wani ɗan umarni mai layi shida, na sa masa suna Tsintsiya. Aikinsa ɗaya ne, ya shiga foldar aikina, duk abin da sunansa ya fara da wane ko wance ya share shi, ba tambaya. Shekara biyu ina amfani da shi bai taɓa ɓata mini komai ba, don wa zai sa wa abu mai daraja suna wance? Ranar da na rubuta sunan nan a kan muryar Inna, Tsintsiya ko kusa da raina ba ta zo ba. Kai ɗaya ne ya yi duka biyun, Yaya, amma a ranar kamar ba su san juna ba.

Duk gwajin da na yi a wani ƙaramin diski na yi shi, fayilolin gwajin kuwa suna zaune a foldar aikina ina ɗibarsu daga can. Ranar Alhamis, kwana tara bayan Talatar nan, na gamsu cewa Maido ya nuna, lokaci ya yi da za a kunna shi a kan babbar ma'ajiya. Sai na ce hoton farko ya kamata ya fito tsaf, kada tarkacen gwaji ya shiga ciki ya zauna har abada. Kin san halina, ko baƙo za a yi sai na share zaure sau biyu. Na kunna Tsintsiya da ƙarfe sha ɗaya da minti talatin da takwas na safe. Na sha ruwa, na amsa sallamar wani mai karɓar caji. Sha ɗaya da minti arba'in da biyu na ɗauki hoton farko. Badaru ya tafa mini, ya aika aka sayo mana ƙosai. Na koma gida da yamma na gaya wa Inna na gama wani babban aiki, ta ce Allah Ya sa albarka, ko da yake ba ta san ko mene ne ba.

Sauran kin sani. Tara ga azumi, bayan azahar, ta cika. Aka yi jana'iza kafin magariba, ke kina can kina bin mu ta waya, kina tambaya ko an ɗauke ta, ko an kai. Mutane sun yi ta yaba haƙurina, ni kuwa ba haƙuri ba ne, ban ji komai ba ne. Na shiga kabari na karɓe ta, na fito na karkaɗe rigata, har na lura takalmin wani ya tsinke. Ranar addu'ar bakwai da na ji muryarki ta dushe, na ce bari in ba ki abin da za ki riƙe, shi ne na ce miki akwai ajiya, sai hankali ya kwanta zan turo. Ban buɗe na duba ba. Me zan duba? Ai yana cikin Rumbu, kuma Rumbu yanzu ba ya mantuwa.

Kwana uku bayan Sallah na je shago da safe don in turo miki. Na buɗe foldar aikina, babu. Ban firgita ba, har wani daɗi na ji, na ce yau Maido zai yi wa mai shi aiki. Na buɗe hoton jiya, babu. Na makon jiya, babu. Na yi ta ja da baya, hoto bayan hoto, na ratsa Sallah, na ratsa azumi, na wuce ranar rasuwar, har na kai na farko, na ranar Alhamis. Babu. A nan ne na tuna Tsintsiya tana rubuta sunan duk abin da ta share a wani ɗan littafi nata. Na buɗe. Jeri ne mai tsawo, wane ɗaya har wane sittin da wani abu, sannan wance, sannan wance biyu. Kowanne an rubuta girmansa a gefe. Na gwajin duk 'yan ƙanana ne, wannan ɗaya kuwa ya fi su duka a haɗe. Na daɗe ina kallon layin. Wata yarinya ta zo karɓar wayar babarta, na tashi na ba ta, na dawo na zauna.

Kada ki ce ban nema ba. Na kashe kwamfutar a take don kada a ƙara rubuta komai. Na gwada duk wata manhajar tono abin da aka goge da na sani. Na cire diskin na kai shi Sakkwato wurin wani da ya fi ni sanin wannan fanni, ya riƙe shi kwana biyar. Ya ce mini da tsohon diski ne mai juyawa da akwai fata, amma wannan sabon samfuri ne, irin wanda in an goge abu yake bin wurin ya wanke da kansa don ya ƙara sauri, ga shi kuma an yi sama da wata ana zuba kaya a kai. Ni na zaɓi wannan diskin da hannuna saboda saurin nasa. Wayar kuwa tun cikin azumi ta rikice, Badaru ya wanke ta gaba ɗaya da izinina, don na ce masa babu wani abu mai muhimmanci a ciki.

Akwai abin da nake yi wanda ban gaya wa kowa ba. Na kwafi hoton farkon nan a ƙaramin diski. In shago ya yi shiru, wajen azahar, sai in jona shi in ce a maido. Ya tambaye ni ko na tabbata, in ce eh, ya sake tambaya, in ce eh. Cikin daƙiƙa kaɗan komai ya koma safiyar Alhamis ɗin nan, sha ɗaya da arba'in da biyu. Babu kuskure ko ɗaya, aikin ya yi kyau ƙwarai. A wannan safiyar Inna tana gida da ranta, wataƙila tana shan kunu, foldar aikina kuma a share tas, minti huɗu da gama shara. In duba, in rufe, in ciro diskin. Na san ba zan samu komai ba, ba wai ina sa rai ba ne. Hannuna ne kawai ya saba. Na yi haka ya fi sau talatin.

Ga mutane kuwa Maido ya zama abin alheri. Makon da Kawu Modibbo ya zo, ya tarar ɗansa ya goge masa hotunan takardun filinsu na kiwo wajen neman wurin sa waƙoƙi, kuma na shagon ma an rubuta wasu a kansu bisa kuskure. Na maido masa su yana tsaye bai gama gyara rawaninsa ba. Ya yi ta sa mini albarka da Hausa da Fillanci, ya ce ashe karatun nan nawa ba na banza ba ne. Na ce amin. Masu shago biyu daga Anka sun zo suna so in sa musu. Badaru yana ta gaya wa mutane cewa a shagonmu ba a asara. In ya faɗa ina jinsa, ba na gyara masa. Tsintsiya dai na canja ta, yanzu ba ta share komai, sai dai ta kwashe ta ajiye a gefe har kwana arba'in, kuma na daina sa wa fayilolin gwaji sunan mutane, ko da na wane ne.

Da na gaya wa Badaru abin da ya faru, sai ya kawo shawara. Ya ce yanzu akwai manhajojin da in ka ba su muryar mutum za su koya, su faɗi duk abin da ka rubuta da muryarsa, har numfashi. Ina da sauran muryoyin Inna sun fi awa goma, na labarin dangi, suna nan lafiya cikin foldar gidanmu. Ya ce in haɗa in tura miki, ba ƙarya ba ce tunda ta faɗa ɗin, kuma ba za ki taɓa ganewa ba. Ba zan ɓoye miki ba, na zauna na fara. Na tattara muryoyin, na buɗe wurin rubutu, na rubuta harafi biyu na sunanki. Sai na tsaya. Matar nan shekara arba'in da huɗu tana riƙe da sunan nan a bakinta, sau ɗaya ya kuɓuce mata, shi ma don ta zaci ku biyu ne kawai a ɗakin. Ni kuma in sa na'ura ta matse shi daga bakinta bayan ranta, a duk lokacin da aka danna? Na goge harafi biyun na kashe. Ban sani ba ko na yi daidai. In kin ce in yi, ki faɗa mini, amma ki sani ba ita ba ce.

Abin da ya rage shi ne abin da kunnuwa huɗu suka ji, nawa da na Nusaiba. Mun zauna mun tuna tare, kuma har mun saɓa. Ita ta ce bargo Inna ta ce, ni na ce zane. Ta ce akwai tari kafin maganar, ni ban tuna tari ba. Da fayil ɗin yana nan da minti ɗaya ya raba mu. Shi ya sa na ce gara in rubuta yanzu da tawada, kafin mu ƙara saɓawa a kan wani abu. A kan sunan dai ba mu saɓa ba, kuma ba mu saɓa a kan yadda ta faɗe shi ba.

Ki yafe mini, Yaya. Ba na neman ki ce ba komai, don da komai. Har yau ban yi wa Inna kuka ba, ban yi wa wannan ba, ina ci ina sha ina buɗe shago, Nusaiba tana kallona ta gefen ido. In kin ga dama ki yi mini faɗa ranar Juma'a, zan ɗauka, kuma ba zan ce layi ba kyau ba.

Ki gaishe mini da Malam Hayatu da kyau, ki ce ina yi masa godiyar addu'ar da ya sa aka yi a masallacinsu. Ki gaishe da Junaidu, ki ce ya dage da karatu, da Amariya da ƙannenta duka. Nusaiba tana gaishe ki, ta sa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a cikin kayan Lauwali, ki duba ƙasan buhun. Hure tana gaishe ki, Kawu Modibbo ma ya ce a gaishe ki da mutanen gidanki.

Ga ajiyarki, iyakar abin da na iya riƙewa. Ba da harafin "fa" ta faɗi sunan ba irin yadda muke rubutawa a makaranta, da bakinsu na gida ta faɗa, ta ja tsakiyarsa kaɗan, a hankali, kamar wadda ta saba kiransa kullum. Ta ce:

"Sahwara'u, ke ta? Jawo zanen ga ki ruhe mani ƙahwahu, sanyi nika ji."

Nusaiba ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Ta ce na'am, Inna. Ta jawo zanen ta rufe mata ƙafafun, ta danna gefensa don kada iska ta shiga. Inna ta ce Allah shi yi miki albarka, ta koma barcinta. Ba Nusaiba ta sa wa albarkar nan ba, Yaya, mu duka mun san haka. An amsa miki, kuma an rufe mata ƙafafun.

Wassalam. Ni ne ƙaninki, autan Inna,
Bilyaminu.